Takaba Biyu, Miji Ɗaya

A unguwarmu ta Khair Khana, in ka tambayi shagon gyaran amare na Mahgul, ko yaro zai nuna maka: ƙofa mai koren fenti kusa da mai gurasa, da labule mai kauri, da hoton wata mace mai dogon gashi wadda rana ta cinye wa rabin fuska. Mahgul kan ce da gangan ta bar hoton, don duk wadda ta dube shi, ta juyo ta dubi mai shagon, sai ta ji ashe ita ma ba ta da laifi. Gajera ce mai faɗin kafaɗa, hannuwanta irin na mai faskare. Ita da bakinta take cewa Allah ya yi ta ne don ɗaukar bokiti, mutane suka karkata ta zuwa jan-baki.

A wani ƙauyen masu noman inabi aka haife ta, arewa da Kabul, aka kawo ta aure tsohon garin Kabul, gidan Gulam Sakhi, mai tura baron kayan miya. Mutum ne marar faɗa, marar magana, marar kawo komai gida sai albasar da ta ƙi sayuwa. Abin da yake so a duniya tantabaru ne. La'asar na yi yana kan soro da doguwar sandarsa, yana kaɗa su suna zagaya sama, 'yan ƙararrawar da ya ɗaura musu a ƙafa suna ƙara. Shekarar da mayaƙa suka raba duwatsun Kabul tsakaninsu suna jifan juna da roka ta saman kawunanmu, kowa ya koma ɗakin ƙasa, ban da Gulam Sakhi da ya ce tsuntsaye ba su ci ba. Ya hau soro. Tantabarun dai duka sun tsira.

Maƙwabta biyu ne suka binne shi a lambun wani gida, suna tona suna leƙen sama. Washegari Mahgul ta goya Wajma, 'yarsu mai shekara uku, ta bi jama'a da ƙafa. A hanya ta yi takabarta, daga ɗakin wannan dangi zuwa zauren wancan. Ba ta yi kuka ba. Ta ce a lokacin in ka tsaya kuka, layin gurasa wuce ka zai yi. Daga nan sai wankau, shekara goma, bargunan mutane da rigunan mazajen wasu, a ruwan da ke yanka yatsu lokacin sanyi.

Da yaƙi ya lafa, baƙi suka cika gari da fararen motoci, kowa da abin da ya zo ya koya mana. Wata ƙungiya ta buɗe makarantar kwalliya, ta ce ta matan da yaƙi ya kashe wa maza ce kaɗai, don su tsaya da ƙafafunsu. Mai miji da rai, ko birgima ta yi ba a ɗaukar ta. Mahgul ta ja tsofaffin maƙwabtanta biyu suka rantse da hannunsu suka binne shi, aka ba ta kujera. Ta ce wannan ne karo na farko da Gulam Sakhi ya samo mata wani abu.

Malamarsu, Ustad Rona, 'yar Kabul ce amma a Jamus ta girma. Harshenta yana ɗingishi, zuciyarta kuwa fara tas. Ta sha wahalar Mahgul. Makon farko Mahgul ta ƙona gashin kan roba da ake koyo da shi, mako na biyu ta wanke wa wata 'yar ajinsu kai, matar ta kwana da ciwon wuya.

"Mahgul-jan, a hankali!" in ji Ustad Rona. "Kan mutum ne, ba bargo ba."

"Ki yi haƙuri, Ustad. Hannun ne bai san an daina wankau ba. Da ya ji ruwa da sabulu sai ya nemi abin matsewa."

Amma da aka zo gyaran gira da zare, gefe ɗaya a haƙori, sauran a yatsu, sai aka ga abin mamaki. Yatsun nan masu kaushi ba sa rawa, zare ba ya zame musu. Kafin mace ta gama cewa wayyo, an gama gefe ɗaya. Ita kanta Mahgul ta tsaya tana kallon hannuwanta, ta ce ashe 'yan banzan nan sun iya wani abu suka ɓoye mata.

Akwai abin da Ustad Rona ba ta sani ba, ko ta bar shi a Jamus, wanda duk ajin ya sani. A wurinmu abincin mai kwalliya a kan amarya yake, sauran mata a gida suke rina gashinsu da lalle. Kuma babu uwar da za ta bar hannun matar mamaci ya taɓa fuskar 'yarta ranar aure, kada rashin sa'ar ya shafe ta. Ko farantin lalle ba a miƙa wa irinsu su riƙe. Mata cike da aji suna koyon naɗin gashin amarya, kowace ta san ba za a kawo mata ko ɗaya ba, amma babu wadda ta ɗaga hannu. Akwai abincin rana, ranar Alhamis har da nama, ga murhu mai ɗumi, ga akwatin kayan aiki da aka yi alkawari a ƙarshe. Mu mutanen Kabul muna da kunyar baƙo, musamman baƙon da ya zo da tukunya.

Da akwatinta Mahgul ta koma tsohon gari, inda kowa ya san labarin soro. Lokacin biki ya zo ya wuce, mutum ɗaya ta samu, wata tsohuwa da ke son a cire mata gashin haɓa. Sai ta kwashe kayanta ta dawo nan Khair Khana, inda yaƙi ya zubo mutane daga ko'ina, babu wanda ya san kakan wani. Ba ta zo da niyyar ƙarya ba, haka take rantsuwa har yau. Wata mata ce ta shigo da 'yarta da za a aurar, ta zaunar da ita, ta dubi madubi, ta dubi Wajma da ke shara, sannan ta jefo tambayar.

"Baban yarinyar fa, lafiya yake?"

Mahgul zare na bakinta. Ta ce zaren nan ne ya ba ta lokacin tunani, ko kuma ya ba Shaiɗan. Ta cire shi a hankali.

"Lafiya lau. Yana Iran, a Mashhad. Gini yake yi."

Gulam Sakhi ke nan, wanda tun da aka haife shi bai taɓa ɗora tubali a kan tubali ba.

Matar ta saki fuska, amarya ta fita da gira kamar an zana, sati na zagayowa aka kawo wasu biyu. To amma miji a Iran ba ya zama haka nan. Mata za su tambaya: me ya aiko? Ta sayi ɗan ƙullin za'afaran ta ajiye inda za a gani. Da Sallah ta sayi mayafi. Da shago ya kankama ta sayi awarwaro, ta riƙa girgiza hannu fiye da yadda aikin ke buƙata. Wajma, da ta fara wayo, ta shiga sana'ar, tana kiran ta Madar, yadda muke kiran uwa.

"Madar, Baba bai ce zai aiko mini da takalmi ba? Na ga irin wanda zai aiko a kasuwa, baƙi mai ɗan dunduniya."

"Babanki ya ce ki ci jarrabawa tukuna. Kuma ya ce ki rage baki."

Wani lokaci takan haɗu da 'yan ajinsu a wurin sarin kayan kwalliya, su gaisa a hankali. Wannan nata yana Dubai yana tuƙi, waccan nata yana Peshawar da shagon shayi, wata mai dogon buri ta kai nata har Mosko. Maƙabarta guda muka ɗauka muka raba wa ƙasashen duniya, kowa da aikin yi.

Sannu a hankali sunan Mahgul ya fita da mai hannun albarka. Iyaye mata suka riƙa tsallake shaguna uku su zo nata, don 'yarsu ta shafi sa'ar matar da miji bai taɓa mantawa da ita ba. Har ta fara jin haushinsa. Takan ce wa Wajma da yana raye ko zoben ƙarfe bai saya mata ba, yanzu da ya mutu ita ke saya masa ya ba ta, kuma shi ake yabo. Amma shagon nata ne. Ita ke buɗewa, ita ke rufewa, ba ta ƙara zama a tsakar gidan wani tana jiran a miƙo mata ragowar shinkafa ba, Wajma kuma ta shiga makarantar koyon malanta. Mahgul tana son wurin nan, da ƙaurin man gashinsa da madubinsa mai tsaga, son da ba ta taɓa yi wa wani wuri ba.

Abu ɗaya ne bai bar ta ta sake ba, shi ne ita ma ta yarda da abin da kowa ya yarda da shi. A ƙauye ta tashi, ta ga an janye kakarta daga ɗakin amarya. Kafin ta taɓa kowace yarinya sai ta wanke hannu ta yi addu'a a ɓoye, mata suna cewa kai, matar nan da tsoron Allah take. Tsoro kam tana da shi. Bayan biki takan bi sawu da tambaya: wance fa, ta haihu? Suna zaman lafiya? In aka ce lafiya lau, ta yi ajiyar zuciya. In aka ce an sako wata, ko mijin wata ya taka nakiya a gona, ranar abinci ba ya shiga.

Cikin masu zuwa shagon akwai Bibi Haji, matar wani attajirin darduma, mace mai jiki da murya, wadda 'ya'yanta mata uku duk ta hannun Mahgul suka fita. Ita ce ta ƙyalla ido ta ga Wajma ta girma, ta ce tana so wa ɗanta Farhad, mai aiki a kantin magani. Mahgul ba ta yi mamaki ba, don an daɗe Wajma tana sayo maganin tari alhali babu mai tari a gidan. Bibi Haji ta zo ta koma, ta sake zuwa, kamar yadda ake yi, har ranar da ya kamata gidan yarinya su fito da farantin alewa, alamar an ba su. Mahgul ta ɗauko faranti, sai Bibi Haji ta ɗaga hannu.

"Tsaya, Maman Wajma. Maigidana Haji Sahib ya ce shi ba ya karɓar alewa a hannun mace alhali uban yarinya yana da rai. Allah ya kawo sauƙi ma, zai je Mashhad gyaran ido. Ki ba mu kwatance, ya je ya zauna da shi gemu da gemu."

Mahgul ta ajiye farantin.

"Ayya, Bibi Haji, ai ya bar Mashhad. Aikin ya ƙare, yana Tehran."

"Tehran? Madalla! Ƙanen Haji yana can da iyalinsa, gobe ma sai ya neme shi."

"To, wato jiya-jiyan nan aka ce sun wuce Bandar Abbas, bakin teku."

"Ikon Allah! Ɗan yayata ai can yake dako a tashar jirgin ruwa. Duk wani ɗan ƙasarmu da ke garin ya san shi."

Haka yaƙi ya yi mana. Ya watsa mu ko'ina, har babu garin da ya rage da za a ɓoye mamaci ɗaya.

Da baƙuwa ta tafi, uwa da 'ya suka zauna a shago, shayi yana hucewa a gabansu. Lissafin ba mai wuya ba ne. In ta faɗi gaskiya, Bibi Haji za ta tuna 'ya'yanta uku, auren ya mutu, shago ya bi shi. In ta ƙi bayar da Wajma, ta ce uban ya hana, shago zai tsaya daram. In kuwa ta kashe Gulam Sakhi, auren zai yiwu, amma daga ranar ita matar mamaci ce a idon duk Khair Khana, kuma babu amaryar da za ta ƙara zama a kujerar nan.

"Madar, a fasa kawai," in ji Wajma, tana kallon kofinta. "Farhad ɗin ma kunnuwansa sun cika faɗi."

Mahgul ta dube ta da kyau. Hancin yarinyar ya yi ja.

"Ke, rufe mini baki. Mutum ɗaya ke ƙarya a gidan nan, kuma ba ki kai ba. Faɗa mini, me zai kashe shi?"

Wajma ta yi dariya da hawaye a tare. "Ciwon zuciya?"

"Wace zuciya? Bari ya faɗo daga saman gini. Mutuwar sama ce tasa, ya saba."

Aka sanar. Aka ce a wani ƙauye mai nisa da Bandar Abbas abin ya faru, abokan aiki sun binne shi can. Yayan Mahgul, wanda ya san gaskiya, ya zo daga ƙauye, ya ce wannan ƙarya abin kunya ne, ya kuma zauna ya karɓi gaisuwar maza da fuskar da ta dace. Abin da ya dami Mahgul kuka ne. Ta tsaya gaban madubin shago ta gwada, ta ga fuskarta ta yi kama da ta mai ciwon haƙori. Ranar zaman makoki ta ɓoye rabin albasa a bakin mayafi.

Mata suka cika ɗaki har tsakar gida. Bibi Haji ta ja gaba, tana ba da labarin za'afaran da awarwaro, tana cewa irin wannan miji an daina yin sa. Mahgul ta sunkuyar da kai tana lalubar albasarta. La'asar ta yi. Daga wani soro a bayan layi wani ya saki tantabarunsa, suka bi ta saman gidan, ƙararrawar ƙafafunsu tana ƙara. Albasar ta faɗi ƙasa ba ta sani ba. Kukan da ya fito mata ya tsorata har Wajma. Ba maginin take yi wa ba, wannan ita ta ƙera shi kuma ya ishe ta. Wancan take yi wa, siririn nan mai tsagaggen dunduniya, wanda in ya dawo da sanyi yakan sa hannun jaririyar cikin rigarsa ya ɗumama, wanda aka tura rami ba wanka sosai ba salla sosai, ita kuma ta juya ta tafi neman gurasa. Ta yi ta kuka har muryarta ta dushe, mata suna riƙe ta suna cewa kun ga ƙauna.

Ta zauna takaba ta biyu, cikakkiya, a ɗaki mai darduma, ana aiko da shinkafa da miya daga gidaje. Har ƙiba ta yi. Ta ce ta farkon ko shayi ba a ba ta ba, gara da ta maimaita ajin. Da ta fita ta buɗe shago, sai shiru. Matan da suka riƙe ta tana kuka su ne suka riƙa wucewa ta ƙofar da 'ya'yansu, suna gaishe ta da ladabi, suna tsallaka titi. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, amma ba ta ga laifinsu ba. Ta koma rina furfurar tsofaffi da rage wa yara gashin goshi, abin da zai sayi gurasa da shayi, ba ƙari.

Aka sa ranar biki. Budurwa a wurinmu ba ta taɓa girarta sai ranar aure, kuma Mahgul ta yi shekaru tana kallon girar Wajma, masu kauri irin na ubanta, tana tsara yadda za ta bi da su. Bibi Haji, a yi mata adalci, ta ja ta gefe ta ce, "Maman Wajma, uwa daban ce. In kina so ki gyara 'yarki, ni zan kau da kai." Mahgul ta yi godiya, ta ce ta riga ta ɗauko wata. Nadira sunanta, yarinya ce sabuwar hannu daga wata unguwa. Kafin ta ɗauke ta sai da Mahgul ta je shagon ɗinkin mijinta ta gan shi da idonta, ta gaishe shi ya amsa, ta tambayi lafiyarsa har ya fara tsarguwa.

Da safen bikin aka zaunar da Wajma a kujerar shago, aka ja labule. Mahgul ta ɗauki ɗan benci ta zauna a waje, ta cusa hannuwanta cikin mayafi ta matse su a hammata.

"Nadira-jan, ta hagu ta fi ta dama tsawo, kada ki biye mata. Kuma kada ki ɗiba daga sama!"

"To, Khala."

"Zaren nan na ji ƙararsa, ya yi sako-sako. Ja shi da haƙori, ba da leɓe ba."

Sai labule ya motsa, Wajma ta leƙo, gira ɗaya a gyare, ɗaya ba a taɓa ba, zaren a hannunta.

"Madar, ki shigo ki yi mini ɗayar. Ita kaɗai."

"Koma ki zauna, za ki ɓata hodar."

"Amare nawa kika gyara a kujerar nan? Ga su can da 'ya'yansu, har da masu tagwaye. Hannun nan ne ya yi ta taje mini kai tun ban san sunana ba, me ya same ni? Ustad Rona da ta ji wannan magana da dariya za ta yi."

"Ustad Rona tana Jamus."

"Madar."

Wajma ta miƙo zaren. Mahgul ta dube shi, ta dubi girar da ta rage, wadda ta san kowane gashi da ke cikinta. Hannunta na dama ya fara fitowa daga mayafi da kansa. Ta mayar da shi, ta danne da na hagu.

"Na sani, 'yar nan, wataƙila duk shirme ne. Rabin kaina ma ya ce shirme ne." Ta yi ƙoƙarin dariya, abin bai fito daidai ba. "Amma waɗancan 'ya'yan mutane ne na yi caca da su, Allah ya yafe mini. Ke ba zan yi da ke ba. Ja labulen."